Askin Ruwa da Tsohon Gidan Reza: Tambayoyi da Amsoshi daga Bauchi

Tun da samari suka fara ganin tsofaffin gidajen reza na ƙarfe, wato mariƙan da ake sa reza a ciki a yi aski, a waya, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawowa a majalisa da shagunan aski a nan Bauchi. Na tattara waɗanda aka fi yi, na amsa su gwargwadon abin da hannuna ya saba da shi da abin da aka sani na tarihin kayan. Ra'ayina a fili yake: ga mai gashi irin namu mai nannaɗewa, baki ɗaya mai kaifi da ruwa da sabulu da hannu mara nauyi sun fi abin aski mai baki uku ko biyar, kuma kayan da kai kaɗai kake amfani da su sun fi na taro aminci.

Mene ne askin ruwa, kuma me ya raba shi da aikin wanzami?

A tushe babu abin da ya raba su. Duk wanda ya taɓa zama a tabarma gaban wanzami ya san tsarin: ya jiƙa maka kai, ya murza ruwan har ya shiga, ya goga sabulu, ya zaro aska daga zabira ya wasa ta, sannan ya ja fata da yatsun hagu ya bi da askar a hankali. Wannan shi ne askin ruwa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne gidan ƙarfe da ke riƙe reza ya rufe yawancin bakinta, da buroshin tada kumfa, da ruwan ƙamshin da ake shafawa in an gama. Kilifa kuwa a bushe take yanke gashi, kuma a saman fata take barinsa.

Jiƙawar nan ita ce rabin aikin. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma in ya sha ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku sai ya kumbura ya yi laushi, reza ta yanke shi ba fizga. Shi ya sa askin bayan wanka ya fi kowanne daɗi.

Wa ya fara ƙera gidan reza?

Kafin ƙarni na 20 aska ce a hannun kowa, kuma garuruwa uku ne suka yi suna wajen ƙera ta a Turai: Sheffield a Ingila, Solingen a Jamus, da Thiers a Faransa. An yi ta gwada sa wa aska kariya tun kafin nan, amma wanda ya juya kasuwar shi ne King Camp Gillette, wani Ba'amurke ɗan tallan kaya, wanda ya yi tunanin siririyar reza mai araha da ba a wasawa, in ta dushe a yar. Ya kafa kamfaninsa a Boston a 1901. A 1903 gidajen reza 51 kacal ya sayar da reza 168, a 1904 ya karɓi takardar mallakar ƙirar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya ɗaga shi: sojojin Amurka na buƙatar fuska a aske domin takunkumin kariya daga gubar iska ya zauna daidai, aka raba musu gidajen reza kusan miliyan uku da rabi, suka koma gida da al'adar.

Rezar farko tana tsatsa da wuri. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da wadda ba ta tsatsa, sauran suka bi. Sai a 1971 Gillette ya kawo Trac II mai baki biyu, Bic ya kawo na roba na yarwa a 1975, Mach3 mai baki uku ya zo a 1998. A nan ne gidan ƙarfe ya koma ƙasan akwati. Ita kuwa rezar ba ta taɓa barin mu ba: da ita ake yankan farce, da ita ɗan makaranta ke fiƙe fensir, da ita tela ke farke ɗinki. Rezar da mai tebur ke sayarwa a bakin layinku yau tana shiga gidan da aka ƙera a 1955 daidai wa daida.

Na sami wani tsohon gidan reza a akwatin marigayi mahaifina. Yaya zan gane irinsa da shekarunsa?

Allah Ya jiƙansa da rahama. Ka juya kan gidan ka duba ƙarƙashinsa a wuri mai haske. In na Gillette ne za ka ga tambarin a cikin zanen lu'ulu'u, da ƙasar da aka ƙera shi. Waɗanda aka yi a Amurka daga farkon shekarun 1950 suna ɗauke da harafi ɗaya da lamba ɗaya. Harafin shi ne shekara: A na nufin 1955, D 1958, G 1961, haka nan har zuwa Z a 1979, ban da Q da aka tsallake, sannan aka sake farawa daga A a 1980. Lambar, daga 1 zuwa 4, tana nuna wane kashi ne na wata uku-uku a shekarar. Ka ga F2, to tsakanin Afrilu da Yuni na 1960 ke nan. Da yawa daga cikin masu rubutun "Made in England", waɗanda su ne suka fi shigowa ƙasar nan a zamanin Turawa, ba su da wannan alama, sai dai a gane su da siffa.

Wanda ke rabuwa gida uku, murfi da faranti da mariƙi, mai sanda santsi a gefe, galibi Tech ne, wanda aka fara a ƙarshen shekarun 1930. Wanda ake murɗa gindinsa murfin ya buɗe ƙofa biyu, ba lambobi, yana iya zama Super Speed na 1947 zuwa sama. In akwai zobe mai lambobi 1 zuwa 9 a wuyansa, mai kauri gajere Fatboy ne na 1958 zuwa 1961, siriri mai ɗan tsawo kuma Slim ne na 1961 zuwa 1968. Lambar tana ƙara tazarar da ke tsakanin reza da sandar kariya. Ka fara daga 2 ko 3, kuma ka sassauta ƙofofin kafin ka juya zoben.

Da gaske tsohon ya fi sabo?

Ta fuskar ƙarko, sau da yawa haka ne. Yawancin tsofaffin Gillette tagulla ce aka lulluɓe da nikel, ko lulluɓin ya goge ba sa ruɓewa. Sabbi masu araha kuwa gamin tutiya ne, da zarar lulluɓin ya fashe ruwa ya shiga sai notin ya ruɓe ya karye. Amma tsufa kaɗai ba ya sa aski ya yi kyau. Merkur 34C na Solingen sabo ne kuma yana aiki lafiya lau, haka Edwin Jagger na Sheffield. Wanda hannunsa ya iya zai yi aski mai kyau da gidan Indiya ko na Sin mai arha, wanda yake dannawa kuwa ko Fatboy aka ba shi sai ya ji wa kansa ciwo. In za a bi tawa, mai farawa ya nemi Tech: ba ya da zafi, ba shi da abin lalacewa, kuma wanke shi ba wuya.

A ina zan samu a Bauchi, kuma me zan duba kafin in biya?

Fara da gida. Tsofaffin da suka yi soja, ko reluwe, ko aikin En'e, ko kantunan Turawa, ko haƙar kuza a Jos, su ne masu irin waɗannan kaya, kuma sau da yawa suna nan a gwangwani tare da tsohon agogo da maɓallai. Sai ka riƙa leƙa masu tsofaffin kaya da 'yan gwanjo in ka shiga Wunti ko Muda Lawal ko Babbar Kasuwa. Abu ne na dace, ba kullum ba. Sabbi na ƙarfe kuma ka tambayi masu kayan shafe-shafe da kayan shagon aski. Ta intanet ana samun tsofaffi daga Amurka da Ingila, sai dai kuɗin kawowa kan fi kuɗin kayan.

Ka tafi da sabuwar reza a aljihu. Ka sa ta, ka ɗaure, ka duba daga sama: bakin ya fito daidai a ɓangarorin biyu? In gefe ɗaya ya fi fitowa, an taɓa yar da shi ya lanƙwashe, ka bar shi. Ka duba tsagewa a mariƙi, da ko ƙofofin suna haɗuwa daidai. Koren datti da farin sabulun da ya daskare ba komai ba ne, suna fita. In ka ga Gem, Ever-Ready, Schick Injector ko Rolls Razor mai akwatin ƙarfe, kayan tarihi ne masu kyau, amma ba sa cin rezar kasuwarmu. Tsofaffin rezoji da ke cikin takardarsu kuma ka ajiye don kallo, kar ka sa su a fata.

Ba haɗari ba ne amfani da abin da wani ya yi aski da shi?

Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi a wurina. Ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jini, kuma ƙwayarsa tana iya rayuwa a kan ƙarfe aƙalla kwana bakwai, ko da ido bai ga jinin ba. Nau'in C da ƙanjamau ma ta jini suke bi. Gidan da ya shekara talatin a akwati ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne rezar da aka aske wani da ita ɗazu, da askar da ta bi kawuna biyar da safe ɗaya, da kilifar da ta ƙwarzani ƙeyar wanda ya tashi kafin ka zauna.

Tsohon gidan reza ka jiƙa shi a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke na ruwa, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka bi lunguna da tsinken sakace, ka maimaita har ya fita. Sai ka nutsar da shi a sifirit mai ƙarfin kashi 70 na minti goma, ka bar shi ya bushe da kansa. Kar ka sa bilic, yana cin ƙarfe. Kar ka tafasa mai roba a jiki ko mai lambobin fenti. In wurin murɗawa ya yi tauri, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa. Daga ranar ya zama naka kai kaɗai. Ko ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ya nemi nasa.

Haka nan ranar suna. Askin jariri aikin wanzami ne, kuma ya fi mu iya shi, amma babu rashin kunya a ce masa, “Baba, ga sabuwar reza, da ita muke so a yi.” Wanzamai da yawa yanzu da kansu suke zuwa da sabuwa a takardarta. Wanda kuma bai yi allurar rigakafin ciwon hanta B ba, ya je asibiti a gwada shi a yi masa.

Wace reza ce ta fi?

Babu wadda ta dace da kowa. Tiger da Nacet su ne aka fi sani a teburanmu, ana kuma samun Super-Max ta Indiya, Dorco ta Koriya, Shark da Lord na Masar, Treet ta Pakistan, Derby ta Turkiyya. Feather ta Japan ta yi suna wajen kaifi, ba ta mai koyo ba ce. Ka sayi iri biyu ko uku, ka yi mako biyu da kowace, fatarka za ta gaya maka. A fuska reza ɗaya kan yi aski uku zuwa biyar, a kai kuwa ɗaya ko biyu. Da ka ji ta fara ja, ta gama. Jabu suna da yawa, don haka in sabuwa fil ta ja ka, ka canza wurin saye.

Yaya ake riƙe shi kar ya yanke ni?

Ka ɗora saman murfin a kan kunci, mariƙin ya miƙe waje, sai ka sauko da shi a hankali har ka ji bakin ya fara kama gashi. Wajen digiri 30 ke nan, kuma kunnenka zai ji ƙarar yankan. Kar ka danna. Abin roba mara nauyi ne ya koya wa mutane dannawa. Wannan nauyinsa kaɗai ya ishe shi. Ka riƙa ja gajere-gajere, kana ɗauraye kan a ruwa, kuma kar ka taɓa zame shi ta gefe, nan yanka yake. Kar ka bi wurin da babu kumfa.

Kafin komai ka san inda gashinka ya kwanta. Ka bar shi kwana biyu, ka shafa da yatsa: inda ka ji santsi nan ya nufa, inda ka ji kaushi ka saɓa masa. A wuya yakan karkace, wani ma ya yi sama. Zagayen farko ka bi kwanciyarsa. In kana son ƙari, ka sake kumfa ka ratsa shi ta gefe. Saɓa masa gaba da gaba kuwa, mai gashi irin namu ya haƙura da shi.

Ƙurajen aski sun dame ni. Wannan zai magance su?

Yana taimaka wa mutane da yawa, kuma ga dalili. Gashinmu a nannaɗe yake fitowa. In aka yanke shi, bakinsa ya zama tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko kuma ya kasa fitowa ya huda ta daga ciki. Jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura, ya yi ruwa, ya bar baƙin tabo. Abin aski mai baki da yawa an ƙera shi ne yadda bakin farko zai ɗago gashin, na biyu ya yanke kafin ya koma, sai gashin ya nutse ƙasa da fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne, ga mu kuwa shi ne tushen matsalar. Baki ɗaya yana yankewa daidai saman fata.

Amma da sharuɗɗa. In ƙurajen suna nan da rai, ka daina aski gaba ɗaya na mako uku zuwa huɗu, gashin ya fito ya saki fatar. In ka dawo, zagaye ɗaya kawai, bin kwanciya, ba jan fata da ƙarfi, kuma sabuwar reza. Ka yarda da askin da bai kai santsin tafin hannu ba. Kullum ka murza wurin da tawul mai ɗumi a zagaye domin gashin da ya fara lanƙwasa ya ɗago. Kar ka tsige da hantsaki, wanda zai tsiro a madadinsa daga ciki zai huda. Akwai kuma waɗanda fatarsu ba ta ɗaukar reza ko kaɗan. Su kilifa ce tasu, a bar ɗan gashi, ko hodar aski irin Magic, wadda ita ma tana ƙona fata in ta wuce lokacinta, kuma ba a haɗa ta da reza a rana ɗaya.

Ƙurajen ƙeya masu tauri da ke haɗuwa su zama tudu wani ciwo ne daban, reza ƙara su take yi. Wannan na likitan fata ne, a Asibitin Koyarwa na ATBU ko na Tarayya da ke Gombe, kuma da wuri ya fi, kafin tabon ya kafu gashin wurin ya mutu. Ina roƙon 'yan'uwa don Allah a daina shafa man birki, da ruwan batir, da maganin wanke ciwo tsagwaronsa ba a sirka ba. Suna ƙona fata ne kawai. Mayukan nan na kemis masu kashe ƙaiƙayi nan take kuma, in aka daɗe ana shafawa ba umarnin likita, suna sirantar da fata su ɗashe ta.

Ni mai gemu ne, ba na aske shi. Ina ruwana da gidan reza?

Ba na kiran kowa ya aske gemunsa. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Buhari da Muslim ya yi umarni a rage gashin baki a bar gemu, iyakar abin da za a gyara a kunci da wuya kuma malaminka ne zai faɗa maka. Amma yawancin masu amfani da gidan reza a nan don kai suke yi. Mai ƙwal-kwabo duk Juma'a, da mai sanƙo da ya gwammace ya share saura, su ne suka fi cin moriyarsa, ba jiran wuta, ba layi a shago. In gashin ya yi tsawo ka fara rage shi da kilifa. Ka bi daga tsakar ka zuwa goshi, zuwa gefe, zuwa ƙeya, hannun hagu yana lalube a gaba. A ƙeya ka sunkuyar da kai domin ninkin fata ya miƙe. Bayan aski ka sa hula mai tsabta. Gumin tsohuwar hula a kan sabon aski yana kawo ƙuraje.

Akwai kuma tsabtar jiki, wadda hadisin Anas a Muslim ya ce kar ta wuce kwana arba'in. Wannan a ware mata gidanta daban. Maniyyaci ma ya tafi da nasa domin askin Mina, rezojin a babbar jaka, don ba a barin su a jakar hannu a jirgi.

An ce buroshin aski gashin alade ne. Gaskiya ne?

Wasu haka ne. Iri huɗu ake yi: na alade, na wata dabbar daji da Turawa ke kira baja, na doki, da na roba. Masu arha masu kaushi, launin rawaya-rawaya, galibi na alade ne, kuma a kwalin ana rubuta "boar" ko "bristle". Littattafan fiƙihun Malikiyya sun yi maganar tsarkin gashi in yanke shi aka yi, ko na wace dabba ce, amma mafi yawanmu rai ba ya karɓa, kuma babu dalilin wahalar da zuciya tunda na roba na yanzu suna da laushi, suna bushewa da wuri, ba sa wari, ga araha. Shi nake ba kowa shawara. Tsohon buroshin da ya girmi 1930 kuwa kar a yi amfani da shi: a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya da 'yan shekarun bayansa an sami masu kamuwa da cutar antiraks, wata cutar dabbobi mai kama mutum, a Amurka da Ingila daga buroshin gashin doki da ba a tsabtace ba.

Dole sai sabulun waje? Sabulun salo fa?

Ba dole ba ne. Sabulun aski na musamman, irin Arko na Turkiyya, Proraso na Italiya ko Tabac na Jamus, an haɗa shi ne yadda kumfarsa za ta daɗe ba ta bushe ba, kuma guda ɗaya yana yin watanni. Ka jiƙa buroshi, ka yarfe, ka murza a kan sabulun, ka hau fuska, kana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kumfar ta yi kauri da sheƙi kamar kindirmo. In tana da manyan ƙwayoyi ruwa ya yi yawa, in tana bushewa tana farfashewa ya yi kaɗan. Wasu sabulan da kitsen shanu ko na tumaki ake yin su, wasu da man shuke-shuke; mai son sani ya karanta kwali.

Sabulun salo mai kyau yana da santsi kuma yana aiki, musamman a kai, sai dai kumfarsa ba ta jimawa, don haka ka shafa ɓangare-ɓangare. Wani yana da zafin toka, ka gwada shi a hannu tukuna. In ruwan burtsatsenku ba ya kumfa da kowane sabulu, ma'adanai ne suka yi masa yawa. Kofi ɗaya na ruwan leda da aka ɗumama ya isa tada kumfar.

Mene ne amfanin turaren bayan aski, kuma waɗanne ne na asali?

Aikinsa uku ne: alkohol ɗin ciki yana tsabtace ƙananan ƙwarzane, yana tsuke fata, sannan ya bar ƙamshi mara nauyi da ke tafiya cikin awa ɗaya ko biyu. Zafin da yake yi ma labari ne. Ɗan zugi na daƙiƙa kaɗan daidai ne, amma inda ya yi raɗaɗi sosai, nan ka danna.

Old Spice shi ne wanda dattawanmu suka fi sani, farar kwalba mai hoton jirgin ruwa. Kamfanin Shulton na Amurka ya fito da na maza a 1938, kamfanin Procter & Gamble ya saye shi a 1990. Ƙamshinsa kanumfari ne da kirfa da ɓawon lemu, shi ya sa ya shiga hancin Bahaushe ba gardama. Aqua Velva ya girme shi, kuma shuɗin nan nasa mai mentol yana da sanyin da ya dace da bazara. Brut, koriyar kwalba, na Fabergé ne, 1964. Tabac na Jamus ya fito a 1959, ƙamshin sabulu mai nauyi da ya fi zama a hunturu. Proraso, wanda aka fara a 1948, koren nasa mentol ne da man yukaliftus. Sai 4711 na birnin Kolon, wanda tarihinsa ke komawa 1792, ƙamshin lemu ne ya fi yawa a cikinsa, ba ya daɗewa. Bay Rum na tsibiran Karebiyan kuwa a sani cewa asalinsa ganye ne da ake jiƙawa a giyar rake, ko da yake yawancin na yanzu da alkohol ɗin masana'anta ake yi.

Tsohuwar kwalba da ta daɗe a zafin Bauchi takan juya, ƙamshin lemun ya tafi ya bar tsami. In launin ya yi duhu ko ya yi laka, ka ajiye kwalbar don tunawa, ka sayi sabo. Ka duba lambar NAFDAC, ka adana shi nesa da taga.

To alkohol ɗin fa? Zan iya salla da shi?

Malamai sun saɓa. Wasu sun ɗauke shi najasa, suna kwatanta shi da giya. Wasu da dama daga malaman wannan zamani suna ganin alkohol ɗin turare, wanda aka gurɓata don kar a sha, ba najasa ba ne. Ka bi malamin da ka amince da iliminsa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka bar shi, babu abin da ka rasa: akwai mayukan bayan aski marasa alkohol, irin Nivea na fata mai saurin jin zafi, akwai kuma alif. In ka ga "cetyl alcohol" ko "stearyl alcohol" a jikin kwalba, waɗannan dangin kitse ne, ba sa bugarwa. Mai harami dai ba ya taɓa mai ƙamshi ko wane iri ne.

Yaya ake amfani da alif? Kuma me ya dace da hunturu?

Alif ɗin nan da ake kwantar da lakar ruwa da shi, shi ne dai Turawa ke gogewa su sa a kwali su sayar da tsada. Ka zaɓi fari tas, ka goge kaifin gefensa a ruwa har ya yi santsi. Bayan ka ɗauraye da ruwan sanyi ka shafa shi a jiƙe, ka bar shi rabin minti, ka wanke. Yana tsayar da jinin ƙaramin yanka. Shi ma na mutum ɗaya ne.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke fasa leɓe, alif da alkohol tare sun yi wa fata yawa. Ka ɗauki ɗaya, ko ka bar su duka, ka narkar da ɗan man kaɗanya a tafin hannu ka shafa tun fatar tana da danshi. Kaɗan ake sawa, in ya yi yawa yana toshe ƙofofin gashi. A Maris da Afrilu kuwa mai mentol ne abokin tafiya. Turarukanmu na mai, almiski da oud da Bint el Sudan, a riga da hula suke da kyau. A kan sabon aski suna iya tada ƙaiƙayi.

Ina so in koyi aska irin ta da. Daga ina zan fara?

Bayan hannunka ya zauna da gidan reza. Aska tana son hidima: kafin kowane aski a goga ta a fata sau talatin zuwa hamsin, bayanta na gaba bakin na bi, lokaci-lokaci kuma a wasa ta a dutse mai laushi ƙwarai, lamba 8000 ko sama. Kar ka kai askar Sheffield ko Solingen wa mai washin wuƙa na inji, zafin zai kashe ƙarfen kuma ba ya dawowa. A damina ka share ta ta bushe ka shafa mata mai, don dare ɗaya ya isa ta yi tsatsa. Akwai kuma mai cin rabin reza da masu shago ke gyaran fuska da ita. Ba ta son washi, amma ta fi ainihin askar saurin yanka mutum. Malamin da ya fi kowa yana unguwarku. Ka je wurin dattijon wanzami da ladabi, ka zauna ka kalli yadda yake kwantar da askar da yadda yatsunsa ke gaba da ita.

Maigidana yana fama da ƙuraje, ina so in yi masa kyauta. Me zan haɗa?

Allah Ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. Gidan reza ɗaya mara zafi, buroshin roba, sabulun aski, fakiti biyu na reza iri daban-daban, alif, da man kaɗanya. Turaren ki bari ya zaɓa da kansa. Ki gaya masa ya jira ƙurajen su kwanta kafin ya fara.

Ina zan zubar da tsofaffin rezoji?

Ba a bola a tsirara ba. Yara suna tono a can, 'yan gwangwan ma da hannu suke tsinta, awaki kuma suna kiwo. A tsofaffin gidajen Amurka har rami ake yi a bangon makewayi ana zura su ciki. Kai ka sami gwangwanin madara da aka huda ba a buɗe ba, ka wanke shi, ka tsaga samansa da wuƙa daidai faɗin reza, ka ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Yana ɗaukar rezojin shekara da fiye. In ya cika ka buge bakin da guduma ya rufe, ka ba masu sayen ƙarfe, ka gaya musu abin da ke ciki.